Ba a Faɗin Iyaka a Zaune

Daga Allah muke, kuma can za mu. Kawu ya riga mu, ranar wata Laraba da hantsi, cikin bazara, saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Wan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan ubana ya mutu. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake ana rubutawa, don kada a manta da shi, kuma don kada gobe wani ya ce ba a faɗa ba.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Mutane sun zo daga Shinkafi da Zurmi da Katuru, har da abokan aikina na tashar mota daga Kaura. Manoma suka shimfiɗa tabarminsu gabas da zaure. Fulani suka zauna yamma, gindin tsamiya. Tsakaninsu fili fetal, kamar an share. Da can cuɗanya suke yi. Babu mai kuka da ƙarfi. Kowa yana shafa addu'a yana satar kallon ɗaya ɓangaren.

Ardo, shugaban Fulanin dajinmu, tsoho ne mai ido ɗaya. Ya zo ya durƙusa gabana. Bai fara da ba ni haƙuri ba. Ya ce, "Soja, wa za shi yi zagaye bana?"

Soja ake kirana tun da na dawo daga yaƙi.

Sarkin Noma ya zo bayansa, ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Allah shi jiƙan maza. Wanda yas san iyaka ya tahi da abinai." Na dubi fuskarsa. Na taɓa ganin mutum yana baƙin ciki. Wannan ba shi ba ne. Kowa ya san ɗansa ya fara sassabe a bakin fadama tun Kawu yana kwance.

Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta shiga takaba. Ran na uku ta aiko mini da carbinsa a cikin faifai. Ƙwaya talatin da uku, sun yi baƙi don shafa. Na san abin da take nufi. Na sa shi a aljihu, ya yi mini nauyi kamar dutse.

Ga abin da ake kira zagaye. Akwai burtali, hanyar shanu, da ya taso daga bakin gulbi ya ratsa gonakin garinmu ya faɗa dajin Zurmi. Alamominsa talatin da uku ne. Kowace shekara kafin shuka, Kawu yakan fita da sassafe ba takalmi, Sarkin Noma a damansa, Ardo a hagunsa, jama'a a baya. In ya kai alama sai ya tsaya, ya daki ƙasa da sanda, ya ja ƙwayar carbi ɗaya. Ya faɗi sunan alamar, ya faɗi faɗin hanya a wurin, ya faɗi inda za a bi zuwa ta gaba. Su biyun su ce, "Mun ji." In an kai ta ƙarshe, sai a kawo fura a ƙwarya ɗaya, geron daga manoma, nonon daga Fulani, su sha. Shi ke nan. Wanda ya shuka cikin burtali bayan haka, shanu suka ci, ba shi da bakin magana. Wanda shanunsa suka ƙetare, ya biya.

Kawu ya gaji aikin daga ubansa, shekarar da Turawa suka miƙa mulki. Rabin alamomin ma yanzu babu su. An sare gawon ya zama itacen girki. Rijiyar ta cike. Surin ya baje. Sai dai ƙafar Kawu ta san inda suke. Ardo ya san hanya, Sarkin Noma ma ya sani, amma kowa saninsa yana karkata wajen cikinsa. Shi ya sa gidanmu ba a kiwon saniya, ba a noma kusa da burtali. Bakin da ba shi da komai a wurin, shi ake ji.

Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa. Ko hakimi ne ya kira shi ya ce ya lissafa alamomin, sai ya ce, "Ranka shi daɗe, ba a hwaɗin iyaka zaune. Tashi mu tahi." A cewarsa, iyakar da aka faɗa kan tabarma hira ce, kowa zai iya ƙara mata taki biyu. Wata guda kafin zagaye ba ya cin abincin gidan kowa, ba ya karɓar ko goro. In an matsa masa sai ya ce, "Ƙasa ba ta ƙarya. Masu ita ka yi."

Ba mutum ne mai daɗin zama ba. Yana da faɗa, ba ya yabo. Ban taɓa jin ya ce na yi daidai ba. Amma shekarar farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa a hanya, na gan shi ya buɗe rumbunsa ya raba geron biyu, ya sa aka kai rabi rugar Ardo. Inna ta ce, "Malam, mu fa?" Ya ce, "In sunka mutu, wa za shi tsaya mani hagu?" Mun ci tafasa da dusa a shekarar. Ni na binne 'ya'ya biyu. Shi ya haƙa kaburburan da hannunsa, bai bar ni na taɓa fartanya ba.

Ba shi da ɗa namiji da ya rayu. Ni ya zaɓa. Yakan koya mini alama biyu ko uku a shekara, ba ya ƙarawa, wai abin da aka zuba da sauri ba ya zama. Na kai ta sha ɗaya. Sai na ga samari suna tafiya Kaura, tashar jirgin ƙasa, suna lodin gyaɗa suna dawowa da keke. Na ce masa zan tafi. Yana gyaran igiya, bai ɗago ba. Ya ce, "Jirgi na da burtalinai na ƙarhe, ba ya ɓata. Ba shi buƙatarka. Wanga shi ka buƙatarka."

Na ce, "Kawu, burtali ba ya ba ni riga."

Ya ce, "Tahi. Za shi ba ka likkahwani."

Shekara bakwai ba mu yi magana ba. Daga tasha na shiga soja. Na dawo daga yaƙin basasa da ƙafa guda gajera da buhu ba komai ciki. Ya gan ni a bakin zaure. Ya ce da Inna, "Ƙara hura a ƙwarya." Iyakar sulhun ke nan. Daga baya ya ce mu ci gaba daga ta sha biyu. Na ce ƙafata, sai baɗi. Na koma Kaura ina lodin motoci. Shekara ashirin da ɗoriya ina cewa baɗi. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Kamar shekara goma kafin ya rasu, mutanen jami'a suka zo. Na yi sa'a ina gida ranar. Mota ce fara, maza biyu da mace ɗaya da direba. An gaya musu akwai tsoho mai tsohon labari. Suka shimfiɗa masa tabarma a zaure, suka ajiye rikoda gabansa.

Na farko ya ce shi daga sashen tarihi yake. Yaƙe-yaƙen Zamfarawa da Gobirawa yake so, da jerin sarakuna. Kawu ya ba shi. Na biyu daga sashen Larabci, ya ce ko akwai tsofaffin takardu. Kawu ya sa aka ɗauko gafakar kakansa, mutumin ya ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Macen daga sashen Hausa take. Ita sunayen itatuwa da ciyayi take tambaya, da kalmomin da aka daina faɗa. In ya faɗi wata sai ta yi murna kamar ta tsinci zobe.

Kawu ya yi dariya, abin da ba ya yawan yi. Ya ce, "Kun yi watanda da ni. Wanga ya ɗau kai, wanga cinya, wagga kayan ciki. To, zuciyar wa ka so? Abin da nika so ku ɗauka, ba ku tambaya ba."

Ya gaya musu zancen burtali. Mai tarihi ya ce, "To bismilla, Baba, rikoda tana juyawa."

"Ba a hwaɗin iyaka zaune."

"Tafiyar awa nawa ce?"

"Wuni."

Suka dubi juna. Mai tarihi ya ce, "Baba, gaskiya wannan ba fanninmu ba ne. Aikin 'yan labarin ƙasa ne, su kuma ba ma a tsangayarmu suke ba. Za mu turo maka su."

Kawu ya ce, "Tsangaya? Ashe ku ma kuna da burtali tsakaninku."

Macen ce ta ce ita za ta bi shi. Washegari ni na tafi lodi Kasuwar Daji. Da na dawo bayan kwanaki, Inna ta ce malamar ta tuɓe takalminta mai tsini, ta ari silifanta, ta bi Kawu daji rungume da rikoda. Na tambaye shi, "An ɗauka?" Ya ce, "An ɗauki abin da anka ɗauka." Ban ƙara tambaya ba. Na ji sanyi a raina, na ce nauyi ya sauka daga kaina. Amma daga shekarar, duk bazara, in ya ji ƙarar mota sai ya fito bakin hanya. Yakan ce, "'Yan labarin ƙasan nan ba su zo ba?" Mukan yi masa dariya.

Ran addu'ar bakwai, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na tara Ardo da Sarkin Noma, na ce muryar Kawu tana jami'a, zan ɗauko ta mu yi zagaye da ita.

Sarkin Noma ya ce, "Yau rediyo ka yi muna shari'a?"

Ardo ya ce, "In muryatai ta, ni na yarda. Ko kana tsoron ta gane ka?"

Aka yi dariya kaɗan. Sarkin Noma ya ga idon jama'a, ya ce ya yarda, amma in ruwa ya sauka ba zai hana kowa shuka ba.

Na hau mota. Na iske jami'ar shiru, wai malamai suna yajin aiki. Gini ne dogo, ƙofofi a jere, kowace da allo a kanta. Ni ba na karatu, sai in ƙwanƙwasa in tambaya. A sashen tarihi na sami mai buga takardu. Ya ce, "Sunan mai ba da labarin ba zai taimaka ba, Baba. Wace shekara? Wane malami?" Na ce ban sani ba, mai gemu ne. Ya ce duk masu gemu ne. Ya ce su in sun kwafi labarin yaƙi, kaset ɗin ba ya zama wurinsu. A sashen Larabci aka ce su takarda suka sani, ba murya ba. A sashen Hausa aka ce malamar ta daɗe da barin aiki, amma ta yi littafi a kan sunayen itatuwa, ko ina so in gani? Na ce itatuwan an sare su.

Kwana biyu ina bin ƙofofi, ina kwana a masallaci. Ran na uku wani mai shara ya nuna mini wani ɗan gini can baya, ya ce ita ce cibiyar da ake ajiye kayan bincike. Mai riƙe da makullin dattijo ne, siriri, mai tari. Ya saurare ni har na gama, shi kaɗai ya yi haka. Ya ce, "Shigo, Soja."

Ɗaki ne ba taga, kantoci har sama, cike da kaset. Ya ce, "Duk tsofaffi ne. Yawancinsu suna ƙasa." Wasu kaset ɗin rubutun jikinsu ya goge, wasu gara ta ci kwalinsu. Ya ware na ƙasarmu, kwali uku. Ya ce tunda ba suna, sai dai kunne. Muka fara sakawa. Tsoho ya yi tari ya fara kirarin wani sarki, mu cire. Tsohuwa tana waƙar daɓe, mu cire. Wani yana ba da labarin wani gari da ya ce ya tashi, ba a san inda mutanensa suka yi ba. Na ga gawa da yawa a rayuwata, ban ji tsoro ba. A ɗakin nan na ji shi. Kowanne yana magana da sauri, kamar ya san ba za a dawo ba.

Bayan la'asar na ji ƙarar sanda a kan ƙasa. Sai murya: "Ta hwarko, dutsin bakin gulbi."

Na danna maɓallin da kaina. Na ce, "Shi ne."

Dattijon ya ce, "To mu ji har ƙarshe mana, mu tabbatar."

Na ce, "A'a. Ba a faɗin iyaka a zaune, ba a jin ta a zaune."

"Soja, kaset ne fa."

"Kawuna ne."

Ya dube ni, bai yi gardama ba. Ya ce na asalin ba ya fita, amma zai juye mini a wani. Na fita waje na tsaya cikin rana har ya gama, don kada kunnena ya sata. Na ɗauka girmama Kawu nake yi. Na kamo hanya ina kallon sama.

Na iske ruwa bai sauka ba. Washegari da sassafe muka fita. Na tuɓe takalmi. Na ɗaura rediyo mai kaset a kafaɗa da rawani, sabon batir a ciki, sandar Kawu a hannu, carbi a wuya. Sarkin Noma a dama, Ardo a hagu. Jama'ar da ta biyo mu ta fi ta kowace shekara. Na lura samarin ɓangaren biyu duk sun zo da sanduna, wasu da abin da ya fi sanda a ƙarƙashin riga. Inna ta dama fura, ta ba mata biyu su biyo mu da ita.

A bakin gulbi na daki ƙasa, na kunna. Muryar ta fito sarai, har da numfashinsa. Ya faɗi dutsen, ya faɗi faɗin hanya, ya faɗi inda za a bi. Ardo ya share idonsa mai gani. Ya ce, "Mun ji." Sarkin Noma shi ma ya ce, "Mun ji." Na kashe, na ja ƙwaya ɗaya, muka wuce.

Haka muka yi ta tafiya. Har ta sha ɗaya bakina yana bin nasa. Daga ta sha biyu na zama baƙo, muryar ce ke jan mu. A ta sha biyar ya ce kututturen gawo yana taki bakwai yamma da rafi. Wani manomi ya ce ƙarya ne, ba a taɓa gawo a nan ba. Na auna taki bakwai, na sa aka tona. Saiwar tana nan. Ardo ya ce, "Gardama da matacce sai mai ƙarhin hali." Har manoma suka yi dariya. Na ga samari sun fara saukar da sanduna. Na ce a raina, Kawu, ka yi mana rana.

Muka kai ta sha tara bayan azahar, tsohuwar kuka mai kogo. Daga nan ana hango fadama, inda rigimar take, da sassaben ɗan Sarkin Noma ya yi fari a bakinta. Na daki ƙasa, na kunna. Ya faɗi kukar. Suka ce, "Mun ji." Kafin ya faɗi inda za a bi, sai muka ji hon ɗin mota daga nesa, cikin kaset. Sai muryar mace.

"Baba, direba ya biyo mu. Ya ce in ba mu tashi yanzu ba, ba za mu kai gida yau ba. Abokan tafiyata suna jira."

"Ɗiyata, saura sha huɗu. Masu wuyar na gaba."

"Za mu dawo, Baba, in Allah ya so. Da masu fannin ma za mu zo."

Iska tana kaɗawa cikin kaset. Sai muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar bai san abin yana juyawa ba: "Allah shi sa ku isko ni."

Kaset ya ci gaba da juyawa, ba komai sai shuu. Na juya bayansa. Babu komai. Na tsaya da ƙwaya sha huɗu a hannu.

Sarkin Noma ya ce, "To, Soja. Ina muka bi?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ardo ya nuna da sanda, "Hanya ta bi ta bakin hwadama. Kowa ya sani."

Sarkin Noma ya ce, "Kowa wa? Ni ban ji ba."

Ba a yi faɗa ba ranar. Da an yi, da ya fi mini sauƙi. Ardo ya ɗora sandarsa a kafaɗa, ya rataya hannuwa, ya juya. Mutanensa suka bi shi ba sallama. Manoma suka bi ta gabas. Matan suka koma da ƙwaryar fura cike. Inna ta buɗe faifan, ta duba, ta rufe. Bayan kwana biyu ruwa ya sauka, aka yi shuka.

Da na saurari kaset ɗin a ɗakin can, da na san inda ya tsaya. Da na nemi tsofaffi daga garuruwan da ba su da gona a wurin, ko na je wurin hakimi tun ba a taru ba. Ban yi ba. Na bi ƙa'idarsa a inda ba ta da amfani, bayan na ƙi bin ta shekara ashirin da ɗoriya a inda take da amfani.

Yanzu kaka ta yi. An ba mu sabuwar jiha, Kaura ana ta kiɗa, an ce komai zai gyaru. Allah ya sa. Daga kuka zuwa dajin Zurmi, gero ne tsaye cikin burtali, ya fi mutum tsawo, ba a yanke ba. Shanun da suka tafi arewa da damina suna dawowa, direbobi sun ce sun gan su kwana biyu daga nan. Wani maƙeri a kasuwar Shinkafi ya gaya mini bana ba lauje aka fi saye ba. Ban tambaye shi abin da ake saye ba. Na yi soja.

In wannan takarda ta kai hannun mutanen jami'a, ban zo da zagi ba. Malamar ta yi tafiyar da ni na ƙi yi. Dattijon cibiya ya yi mini alheri. Amma ku gaya wa 'yan labarin ƙasa tsohon ya jira su har ya gaji. Ku kuma da kuke da sauran tsofaffi a raye, in sun ce ku tashi ku bi su, ku tashi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa faɗansa, ya buɗa masa kabarinsa fiye da hanyar da ya tsare mana. Allah ya ba Inna haƙuri.

Gobe da sassafe zan ɗauki sandarsa in je gindin kuka in tsaya, fuskata wajen da shanu za su ɓullo. Iyakar inda na sani ke nan.